Abin Da Barewar Amurka Ke Ci A Farkon Lokacin Farauta

A ƙasar Amurka akwai wata dabbar dawa wadda manomi da mafarauci duk su ke zuba wa ido da zarar watan Satumba ya kama. Manomi yana so ya san ran da za ta rabu da gonarsa, mafarauci kuwa yana so ya san inda za ta koma. Amsar da su ke nema su duka biyu ɗaya ce, domin wanda ya san abin da dabbar nan ta ke marmari a wannan mako ya san inda za a same ta da maraice. Abin da ya sa maganar ta ke da wuya shi ne, marmarin nata ba ya tsayawa wuri guda. Cikin mako shida ko bakwai ta kan sake abinci sau biyu ko uku, har mutumin da ya saba ganinta kullum a gefen gona ya wayi gari ya neme ta ya rasa, ya zaci an kore ta, alhali tana nan kusa cikin kurmi tana cin wani abu dabam.

Mai karatu zai ga cewa labarin na nesa ne, amma cikin dabbar nan irin na akuya ne, kuma daga cikin abin da ta fi so har da waken da a ke nomawa a Kano da Maraɗi. Saboda haka akwai abin da mai gona da mai kiwo za su tsinta a ciki.

WACE IRIN DABBA CE

A Hausa a kan ce da ita barewa don rashin wani suna, amma danginsu ba ɗaya ba ne da barewar dajin Arewa. Bambancin yana wajen ƙaho. Barewar nan ƙasar Hausa, da gada, da gwanki, ƙahonsu ba ya reshe, kuma in ya fito ya fito ke nan har mutuwa. Ta Amurka kuwa namiji kaɗai ke da ƙaho, ƙahon ƙashi ne zalla mai rassa kamar itace, kowace shekara ya kan faɗi tsakanin Janairu da Maris, wani sabo ya tsiro. Turawa suna kiranta mai farar wutsiya, don in ta firgita sai ta ɗaga wutsiya a ga farin gashin da ke ƙarƙashi, 'yan'uwanta su gane akwai haɗari. Ana samunta tun daga kudancin Kanada har cikin Amurka ta Kudu. A jihohin arewa babban namiji ya kan wuce kilo 100, mace kuwa ba ta kai haka ba.

Shekararta tana tafiya bisa ƙa'ida. A watan Nuwamba a ke barbara a yawancin jihohin arewa. Mace ta kan yi kwana wajen 200 da ciki, ta haihu cikin Mayu ko Yuni, sau da yawa tagwaye. Daga nan har Agusta tana shayarwa, namiji kuwa yana ta gina ƙaho. Watannin Satumba da Oktoba su ne kakarsu, sa'an nan sanyi mai tsanani ya sauko, ganye ya kaɗe, a arewa dusar ƙanƙara ta rufe ƙasa wata uku ko fiye. Dabbar da ba ta tara kitse kafin wannan lokaci ba, da ƙyar ta ga ƙarshensa.

Farauta a can da lasin a ke yinta, kowace jiha da ranar buɗewa da ranar rufewa, da adadin da a ke yarda wa mutum ya kashe. Masu baka da kibiya a ke fara buɗe wa. A Kentaki ran Asabar ta fari a watan Satumba su ke farawa, a Mishigan da Ilinoi ran 1 ga Oktoba, a wani sashi na Karolina ta Kudu kuwa tun 15 ga Agusta. Masu bindiga galibi sai Nuwamba. To, waɗannan makonni na fari, kafin barbara ta rikita dabbobin, su a ke nufi da farkon lokacin farauta.

YADDA TA KUSA ƘAREWA TA DAWO

Wajen shekarar 1900 bareyin nan sun kusa ƙarewa. An sare dazuzzuka, 'yan kasuwa kuma suna harbinsu ba ƙaƙƙautawa suna kai nama da fata birane, har aka ƙiyasta cewa waɗanda suka rage a ƙasar duka ba su wuce rabin miliyan ba. A shekarar ta 1900 aka yi doka mai suna Lacey wadda ta hana a ƙetare iyakar jiha da naman dawan da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba. A 1937 kuma aka yi dokar Pittman da Robertson, wadda ta sa harajin bindigogi da harsasai ya riƙa zuwa wurin jihohi don kula da namun daji. Aka riƙa kamo bareyi daga inda su ke da saura ana sakinsu inda suka ƙare.

Yau ana ƙiyasta yawansu wajen miliyan 30, mafarauta suna kashe kimanin miliyan 6 kowace shekara, duk da haka ba su raguwa. Kyarketai da damisar dutse da ke cinsu a da an daɗe da kawar da su daga yawancin gabashin ƙasar, ga kuma gonakin masara da waken soya da suka kewaye kurame. Da haka dabbar da aka yi ta fafutukar ceto ta zama mai ɓarna a gona, sanin abincinta kuma ya zama wajibi ga manomi kamar yadda ya ke ga mafarauci.

CIKINTA IRIN NA AKUYA NE

Barewa mai tuƙa ce, cikinta ɗaki huɗu kamar na saniya da tunkiya da akuya. Amma ita tumbinta ƙarami ne in aka gwada da girmanta, abinci kuma ba ya daɗewa a ciki. Saniya tana iya cika tumbi da busasshiyar ciyawa ta kwanta ta narkar da ita sannu a hankali. Barewa ba ta da wannan hali, dole ta zaɓi abin da ke narkewa da sauri: tohon ganye, da ciyayi masu faɗin ganye, da 'ya'yan itace, da naman kaza. Bakinta siriri ne, ya dace da tsince-tsince. Ciyawa irin wadda shanu ke kiwo kaɗan ce ƙwarai cikin abincinta, sai fa tana ɗanya shataf. Duk wanda ya ga akuya ta bar ciyawa a ƙasa ta miƙe tana kamo ganyen magarya ya ga halin barewa. Babba ta kan ci wajen kilo 3 a rana ko fiye, daga tsire-tsire iri ɗaruruwa.

A cikin tumbin akwai ƙananan halittu waɗanda ido ba ya gani, su ne ke narkar da abincin, kuma kowane irin abinci da irin halittun da suka iya shi. In abinci ya sake, sai an yi mako biyu ko uku kafin su daidaita. Wannan shi ya sa barewar da ta yi wata biyu tana cin ƙiraren itace cikin sanyi, in aka zuba mata tulin masara ta ci ta ƙoshi, tana iya mutuwa da cikinta cike, don tumbin ya yi tsami. Mai kiwon da akuyarsa ta taɓa fasa buhun dawa ta kwana tana ci ya san wannan ciwo.

Sa'o'in cin abincinta sun fi yawa da asuba da kuma faɗuwar rana. Da rana ta kan kwanta cikin duhuwa tana tuƙa. A farkon lokacin farauta akwai sauran zafi, dabbobin kuma ba su riga sun tsorata ba, saboda haka hanya ɗaya su ke bi kusan kullum, daga makwanci zuwa ruwa, daga ruwa zuwa abinci.

MAKONNIN FARI: GANYEN WAKEN SOYA

Tun daga Mayu har farkon Satumba abin da jikin barewa ke bukata shi ne furotin, watau sinadarin nan mai gina jiki, domin mace tana yin nono, 'ya'ya suna girma, namiji yana gina ƙaho. Masana sun ce abincin da ke da furotin kashi 16 cikin 100 shi ya fi dacewa da ita a wannan lokaci. Ganyen waken soya ya kan kai kashi 25 ko fiye, ga laushi, ga ruwa. Amurka kuwa tana noma waken soya fiye da eka miliyan 80 kowace shekara. Don haka a jihohin noma irin su Ayowa da Ilinoi da Kentaki, wanda ya tsaya gefen gonar soya da maraice a ƙarshen Agusta ya kan ga mazan bareyi uku ko biyar sun fito tare, don a wannan lokaci maza ƙungiya su ke yi, ba su fara gaba da juna ba.

Bayan soya sai alfalfa da kuloba, watau ciyayi biyu dangin wake waɗanda a ke nomawa don harawar shanu. Gonar alfalfa da aka yanka mako biyu da suka wuce, ta sake toho, ta fi tsohuwa jan barewa nesa ba kusa ba, don sabon ganye ya fi narkewa. A cikin daji kuma tana bin wuraren da aka sare itatuwa ko aka ƙone, inda rana ke kaiwa ƙasa, ciyayi masu faɗin ganye da itatuwa masu yaɗo suka taso.

Amma wannan daula ba ta daɗewa. Da tsakiyar Satumba ganyen soya ya kan fara rawaya, tsiron ya janye amfaninsa ya kai cikin ƙwaya. Da ganye ya yi rawaya sai barewa ta juya masa baya, ko da kuwa jiya a nan ta yi kiwo. In akwai wata gona da aka shuka a makare, wadda ganyenta ke kore har yanzu, can za su tattaru duka, mai ita ya sha ɓarna fiye da maƙwabtansa. Ba su komawa gonar fari sai waken ya bushe, sanyi ya matsa, sa'an nan su zo cin ƙwayar.

Daidai wannan lokaci kuma jikin namiji ke sakewa. Rana tana gajarcewa, ƙahon ya gama girma ya taurare, fatar nan mai laushi da ta lulluɓe shi ta bushe, ya goge ta a jikin ƙananan itatuwa. Ƙungiyar maza ta watse, kowa ya kama gabansa. Kwaɗayin gishiri ma da su ke yi tun bayan sanyi, irin wanda dabbobin gida ke yi wa kanwa, sai ya ragu. Daga nan abin da jiki ke nema shi ne mai da gari, watau abin da zai zama kitse.

SA'AD DA ITACEN OK YA FARA ZUBA

Akwai wani babban itace a dazuzzukan Amurka da Turai wanda a ke kira ok. 'Ya'yansa kamar girman ƙwallon dabino su ke, wasu sun fi, da ɓawo mai santsi da 'yar hula a ka. Furotin da ke cikinsu kaɗan ne, wajen kashi 6 cikin 100, amma cike su ke da gari da mai. A inda itacen ya ke, babu abincin da barewa ta fi so a kaka kamarsu. Da sun fara zuba, daga tsakiyar Satumba zuwa Oktoba, sai gonaki su yi tsit. Wanda ya taɓa ganin yadda awaki ke rugawa gindin gawo in iska ta kaɗo 'ya'yansa ya fahimci abin da ke faruwa.

Itacen iri-iri ne, amma an kasa shi gida biyu, fari da ja, kuma bambancinsu shi ne babban ilmin wannan lokaci. Ana gane su ta ganye: bakin ganyen farin ok a dunƙule ya ke, na jan ok kuwa da tsini. Cikin 'ya'yan akwai wani sinadari mai bauri da a ke kira tanin, shi ne dai wanda ke cikin bagaruwa har majema ke jima da ita. Farin ok taninsa kaɗan ne, saboda haka shi barewa ke fara bi, ta wuce jan ok yana zube a ƙasa ba ta kula shi ba. Sai dai 'ya'yan farin ba su jimrewa. Da sun faɗi ƙasa mai laima su kan tsira cikin 'yan kwanaki, ga kurege da talotalon daji da beyar duk suna rububinsu, cikin mako biyu ko uku an share gindin itacen. 'Ya'yan jan ok sun fi bauri amma sun fi mai, kuma ba su tsira sai bayan sanyi ya wuce, don haka su ne ajiyar da a ke komawa gare ta daga ƙarshen Oktoba har cikin hunturu.

Wani bambanci kuma, farin ok shekarar da ya yi fure a shekarar ya ke ba da 'ya'ya, jan ok kuwa sai shekara ta biyu. In sanyi ya yi ɓatan kai ya dawo a watan Afrilu ko Mayu ya ƙone fure, farin ya yi asarar bana, jan kuwa asararsa sai baɗi za a gan ta. Dajin da ke da iri biyun da wuya ya rasa duka a shekara guda. Har wa yau itacen ba ya yin 'ya'ya daidai kowace shekara, bayan shekara biyu zuwa biyar ya kan yi wata irin haihuwa mai yawan gaske, tsakani kuwa kaɗan-kaɗan. Kuma sai ya yi shekara wajen 20 kafin ya fara, ƙarfinsa kuwa sai ya wuce 50. Wanda ya sare shi bana, jikansa ne zai ga madadinsa.

Shekarar da ok ya yi albarka, manomi ya kan huta, mafarauci ya wahala, domin barewa tana tashi daga makwanci ta yi taku kaɗan ta ƙoshi, ba ta da dalilin fitowa fili. Shekarar da ya gaza kuwa sai su yi ta yawo, su faɗa wa gonaki, a kuma harbe su da yawa. A duwatsun Afalashiya, inda noma ba shi da yawa, nauyin 'ya'yan bareyi da yawan haihuwar baɗi duk suna bin yadda ok ya yi.

Da can akwai wani itace mai suna cesnat wanda ya fi ok amana, don kusan kowace shekara ya ke zuba. A 1904 aka ga wata cutar ɓawo a jikinsa a birnin Niyok, wadda ta shigo tare da dashen da aka kawo daga Asiya. Kafin 1950 ta hallaka itatuwa fiye da biliyan 3. Tun daga nan nauyin ciyar da namun dajin gabashin Amurka a kaka ya koma kan ok.

KAYAN ZAƘI DA MASARA

Tsakanin soya da ok akwai kayan zaƙi, waɗanda ba su da yawa amma suna da ƙarfin ja. Na fari shi ne wani itace ɗan'uwan kanya na jini, wanda a ke samu a kudu da gabashin ƙasar. Halinsu ma ɗaya ne: ɗanyensa yana ɗaure baki, in ya nuna ya faɗo kuwa zaƙi kamar zuma, kuma akwai itace namiji akwai mace, macen kaɗai ke 'ya'ya. Barewa ta kan zagayo gindinsa kowace rana ta duba abin da ya faɗo. Haka ta ke yi wa tuffa a tsofaffin gidajen gona da aka bari, da inabin daji, da wani itace mai ƙaya wanda ke da dogayen kwasfa masu zaƙi a ciki. Itace guda mai zuba yana iya riƙe bareyin unguwa mako ɗaya ko biyu, ran da ya ƙare kuwa ba mai sake waiwayarsa.

Masara sau biyu ta ke shan wahala. Na fari sa'ad da ta yi goyo, gashin ya fito, barewa ta bi layi tana cizge kan goyon. Na biyu sa'ad da ta bushe. Tsakanin nan ma gonar masara mafaka ce, dabbar tana iya yini a ciki ba wanda ya gan ta. Ran da injin girbi ya wuce, ƙwayar da ta zube ta kan jawo su fili har kwanaki. Su tanip da radish, watau kayan lambu masu saiwa waɗanda wasu ke shuka musu, galibi ba su damu da su a farkon lokaci ba, sai sanyi ya sauka sauran abinci ya ƙare.

Gwanin mafarauci, saboda haka, ba ya dogara da abin da ya gani makon jiya. Ya kan fita da tsakar rana ya duba sabon sawu, da ɗanyen kashi, da fasassun ɓawo a gindin ok, sa'an nan ya ɗaura ɗan dandamalinsa a bisa itace tsakanin makwanci da wurin cin, ta gefen da iska ba za ta kai warinsa ba, don hancin barewa ya fi idonta.

GONAR DA A KE NOMA WA BAREWA

Da yawa daga masu filaye a can su kan ware rabin eka ko eka guda a tsakiyar daji su noma wa barewa abinci. Don farkon lokaci a kan shuka kuloba, da alkama, da wani hatsin dawaki mai suna ots, ana auna shukar yadda ranar buɗe farauta za ta same su suna 'yan toho. A jihohin kudu masu zafi kuwa, daga cikin abin da aka fi shukawa har da wake, shi dai waken nan na ƙosai da alale. Asalinsa na Afirka ne, a zamanin cinikin bayi ya ƙetara teku, kuma har yau Nijeriya da Nijar ne kan gaba wajen nomansa a duniya. Abin da ya sa manomin Arewa ke sonsa shi ya sa na can ke sonsa: yana jure fari, yana yi a jigawa, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ganyensa kuma cike da furotin. Illarsa ɗaya, bareyi suna sonsa har su kan cinye ƙaramar gona tun yana ɗan tsiro.

Wasu kuma ba su noma, sai su zuba masara a ƙasa su jira. A Teksas doka ta yarda da haka, a jihohi da dama kuwa an hana, kuma dalilin hanin ya shafi mai kiwo. In dabbobi da yawa suna sa baki a tuli guda, cuta ta sami hanya. A 1967 aka fara ganin wata cuta a Kolorado wadda ke cin ƙwaƙwalwar barewa, ta rame har ta mutu, ba ta da magani, tana bin miyau da fitsari da kashi, yanzu ta shiga jihohi fiye da 30. A Mishigan kuma, a 1994, aka sami tarin fukan shanu a jikin barewar daji, cutar ta riƙa kai da komowa tsakanin bareyi da garkunan shanu.

ABIN DA MANOMI KE YI

Abu na fari shi ne ya tabbatar da mai laifi. Barewa, kamar akuya, ba ta da haƙoran gaba na sama, sai dasashi mai tauri, don haka fizge ganye ta ke yi, ta bar bakin karan a yayyage. Zomo kuwa yanka ya ke yi sumul a karkace kamar da wuƙa. Abu na biyu shi ne ya san yawan asarar. Dabarar mai sauƙi ce: a kewaye taku ɗaya na gona da ragar waya yadda dabba ba za ta kai baki ba, bayan wata guda a gwada tsawon na ciki da na waje. Wannan dabara za ta yi wa kowane manomi amfani, ko awakin gari ne ke damunsa.

Abu na uku shi ne ya san lokacin da ɓarna ta fi ciwo. Waken soya da ya girma yana iya rasa ganye da dama ya murmure. Amma in aka cije shi tun yana ɗan tsiro, ƙasa da ganyen nan biyu na fari, ya mutu ke nan. Saboda haka makonnin farko bayan tsira su ne na tsaro, kuma gefen gona da ke kusa da kurmi shi ya fi shan wuya. Shingen da zai tsare barewa sosai sai ya kai ƙafa 8, don gwanar tsalle ce, kuma tsadarsa ta sa sai masu lambu da gonar tuffa ke yinsa. Masu ƙaramin ƙarfi su kan ja wayar lantarki guda, su shafa tunkuzar gyaɗa a jikin 'yan ƙarafa su rataya. Ƙanshin gyaɗar ya jawo ta, ta sa hanci, wutar ta fizge ta, daga ranar ta kiyayi wurin. Amma sai an ja wayar kafin ta saba da gonar, domin rigakafi ya fi magani, dabbar da ta riga ta ɗanɗana kuwa da wuya ta haƙura.

Maganin da ya fi duka shi ne a daidaita yawan dabbobin da abincin da ƙasa za ta iya ba su. Inda suka yi yawa su kan cinye duk ganyen da bakinsu ya kai, har a ga daji ya yi fayau daga ƙasa zuwa tsayin ƙirjin mutum, ƙananan ok ba su samun tashi, watau suna cin abincin jikokinsu. Shi ya sa hukumomin jihohi ke ba da lasin na harbin mata, don yawan garke daga mata ya ke, manoma da yawa kuma su kan buɗe wa mafarauta gonakinsu tun makon fari, sa'ad da bareyin ke gefen gona ba su shige kurmi ba.

A dajin Arewa maganar a juye ta ke, barewa ta yi ƙaranci har yara da yawa sun san ta a karin magana kaɗai. Amurka ma ta taɓa kaiwa wannan hali a 1900, abin da ya dawo da tata kuwa shi ne ranar buɗewa da ranar rufewa, da ƙidayar abin da aka kashe, da barin itatuwan da ke ciyar da ita. Mai gona kuwa, ko a ina ya ke, in ya lura da abin da dabba ke bi a kowane wata, zai san makon da ya kamata ya kwana a gona da makon da zai kwana a gida.